Wa Ke Karantar da Masu Yin Doka? Nazari a Kan Ƙungiyar Intanet ta Majalisar Dokokin Amurka

Gabatarwa

A ranar 29 ga Satumba, 1995, Majalisar Dokokin Amurka ta rufe wani ƙaramin ofishi nata, Ofishin Tantance Fasaha, wanda aka fi sani da OTA. Aikin wannan ofishi shi ne ya fayyace wa 'yan majalisa sababbin fasahohi kafin su yi doka a kansu. Bayan kamar wata shida, cikin Maris na 1996, wasu 'yan majalisa huɗu suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna Congressional Internet Caucus, wato Ƙungiyar Intanet ta Majalisa. Hujjarsu ita ce abokan aikinsu ba su san intanet ba, kuma lallai a koya musu. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ne Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan doka ta farko da ta nemi tace abin da ake wallafawa a intanet, dokar da Kotun Ƙoli ta yi fatali da wasu sassanta bayan shekara ɗaya da 'yan watanni.

An saba ba da labarin rufe ofishin daban, labarin kafa ƙungiyar daban. A ganin wannan nazari labari ɗaya ne. Majalisar ba ta daina neman ilimin fasaha a 1995 ba. Abin da ya sauya shi ne wanda ke biyan malamin da ke karantar da ita, kuma wannan sauyi ya bar tabo a dokokin da Facebook da YouTube da WhatsApp ke aiki a ƙarƙashinsu har yau, wato manhajojin da ke cikin wayar mutumin Kano da na Maraɗi.

Ofishin da aka rufe

Tun ƙarshen shekarun 1960 'yan majalisar Amurka suka fara jin cewa ɓangaren zartarwa ya fi ƙarfinsu a duk muhawarar da ta shafi kimiyya. Ma'aikatar Tsaro da sauran hukumomi suna da ɗaruruwan masana, su kuwa sai dai su karɓi abin da aka kawo musu. Rigimar jirgin sama mai gudun da ya fi na sauti, wanda majalisa ta yanke wa kuɗi a 1971, da ta makaman kakkaɓo makamai masu linzami, sun nuna wannan giɓi ƙarara. Emilio Daddario, ɗan majalisa daga jihar Connecticut, shi ya daɗe yana fafutukar a samar wa majalisa masananta na kanta. Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar a watan Oktoba na 1972, Daddario ya zama daraktan farko, ofishin ya kama aiki sosai a 1974.

Yadda aka tsara shi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan bambancin yake. Hukumar da ke sa masa ido 'yan majalisa 12 ne, 6 daga Majalisar Dattawa, 6 daga ta Wakilai, kuma an raba su daidai tsakanin jam'iyyun Democrat da Republican ko da wacce ke da rinjaye. Kwamitocin majalisa ne ke neman a yi musu bincike, hukumar ta amince ko ta ƙi. Kowane babban bincike ana kafa masa kwamitin masu ba da shawara, a zaunar da mutanen kamfanoni da malaman jami'a da ƙungiyoyin kare masu saye, kowa ya faɗi nasa, sannan a aika daftarin rahoto ga masana da dama su yi masa gyara. Amma alƙalami yana hannun ma'aikatan ofishin, waɗanda majalisa ke biya. Rahoton kuma ba ya cewa a yi kaza. Yakan jera hanyoyin da ke gaban majalisa, ya faɗi abin da kowace hanya za ta ci da abin da za ta haifar, ya bar wa zaɓaɓɓu su zaɓa.

Cikin shekaru 20 da 'yan kai ofishin ya fitar da rahotanni kusan 750. Wanda ya yi a 1983 ya nuna cewa na'urar gano ƙarya ba ta da ingancin da ake jingina mata wajen tantance ma'aikata, kuma a 1988 aka hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu amfani da ita. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne rahoton 1985 a kan leƙen asirin sadarwa. Dokar da ake da ita tun 1968 maganar baka ta wayar tarho ta kare, ba ta san da imel ba. Rahoton ya fito da wannan rami fili, kuma a 1986 aka yi dokar kare sirrin sadarwar lantarki, wadda Sanata Patrick Leahy na cikin jagororinta. A lokacin kuwa yawancin Amurkawa ko jin sunan imel ba su taɓa yi ba.

Ofishin ya yi abokan gaba. A 1984 ya wallafa takardar wani matashin masanin kimiyyar fiziya, Ashton Carter, wanda daga baya ya zama Sakataren Tsaro a gwamnatin Obama. Takardar ta ce da kyar a iya gina cikakkiyar garkuwar sararin samaniya irin wadda Shugaba Reagan ke alkawari. Masu ra'ayin riƙau ba su manta da wannan ba, sun ci gaba da kallon ofishin a matsayin na 'yan Democrat, musamman da yake Sanata Edward Kennedy ya daɗe a hukumarsa. Akwai kuma suka mai tushe: rahoto ɗaya kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci sai an gama kaɗa ƙuri'a yake fitowa, kuma kwamitoci kaɗai yake yi wa hidima, ɗan majalisa na gama-gari ba shi da ikon sa shi aiki. Don haka da ranar wuya ta zo, masu jin cewa sun ci moriyarsa ba su da yawa.

Ranar ta zo bayan zaɓen 1994, lokacin da 'yan Republican suka karɓe Majalisar Wakilai karo na farko cikin shekara 40, Newt Gingrich ya zama Kakaki. Sun yi alkawarin rage girman gwamnati, suka ga ya dace su fara da gidansu. Aka rage ma'aikatan kwamitocin Majalisar Wakilai da kashi ɗaya cikin uku, aka kuma yanke wa OTA kuɗi gaba ɗaya. Kasafinsa a lokacin kusan dala miliyan 22 ne, abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ake kashe wa ɓangaren majalisa ba. Wani ɗan Republican daga New York, Amo Houghton, ya yi ƙoƙarin ceto shi, bai yi nasara ba. Dokar da ta kafa ofishin tana nan ba a soke ta ba, kuɗi ne kawai aka daina ba shi. Abin lura, Gingrich ba maƙiyin fasaha ba ne. Shi ya ƙaddamar da THOMAS a Janairun 1995, shafin da ya fara sa ƙudirorin majalisa a intanet. Ra'ayin mutanensa shi ne ɗan majalisa yana iya ɗaga waya ya kira masani kai tsaye, ba ya bukatar wani ofishi a tsakani. Tambayar da ba a tsaya an amsa ba ita ce wane masani, kuma wa ya ba da lambarsa.

Shekarar da aka yi doka a cikin duhu

A daidai lokacin da ake shirin rufe ofishin, Majalisar Dattawa tana muhawara a kan ƙudirin Sanata James Exon na Nebraska, wanda ya nemi a hukunta duk wanda ya sa abin da ya saɓa wa ɗa'a a intanet inda yaro zai iya gani. Exon ya tara hotunan batsa da aka sauko da su daga intanet a cikin wani kundi mai shuɗin bango, yana nuna wa sanatoci. Da yawansu wannan kundi ne farkon abin da suka gani na intanet. Leahy ya roƙi a dakata, a sa Ma'aikatar Shari'a ta yi nazari tukuna. Ba a saurare shi ba. A ranar 14 ga Yuni, 1995, ƙudirin ya wuce da ƙuri'a 84, masu adawa 16. Bayan 'yan makonni mujallar Time ta fito da babban labari a kan batsa a intanet, ta dogara da binciken wani ɗalibin Jami'ar Carnegie Mellon da ya ce kashi 83.5 cikin 100 na hotunan da ke wani sashe na intanet na batsa ne. Sanata Chuck Grassley ya ɗauki alƙaluman ya kai zauren majalisa. Masana suka yi wa binciken kaca-kaca cikin 'yan kwanaki, amma ya riga ya shiga kunnuwa.

A Majalisar Wakilai wasu mutum biyu, Chris Cox na Republican da Ron Wyden na Democrat, sun bi wata hanya. Wata kotun New York ta yanke a 1995 cewa kamfanin Prodigy yana da alhakin ɓatancin da wani ya rubuta a shafinsa, saboda kamfanin yana ƙoƙarin tace rubuce-rubuce. Ma'anar hukuncin ita ce mai share ƙazanta ya fi shiga haɗari a kan wanda ya naɗe hannu. Cox da Wyden suka rubuta gyaran da ya ce ba za a ɗauki mai shafi a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta ba, kuma yana da damar tacewa. Ya wuce da ƙuri'a 420, masu adawa 4. Shi ne Sashe na 230 da ake ta jayayya a kansa har yanzu.

Da aka zo kwamitin sasanta majalisun biyu, wani sabon ɗan majalisa daga jihar Washington, Rick White, ya nemi a taƙaita haramcin ga abin da ke cutar da yara, maimakon kalmar rashin ɗa'a wadda ba ta da iyaka. Bob Goodlatte na Virginia ya kawo gyaran da ya mayar da kalmar, aka kayar da White da ƙuri'a ɗaya tak. Clinton ya sa hannu a babbar dokar sadarwa ranar 8 ga Fabrairu, 1996, da ƙudirin Exon da Sashe na 230 duka a cikinta.

Karatun da majalisa ba ta yi ba, kotu ce ta yi shi. A Filadalfiya masu ƙara suka ja layin intanet zuwa cikin ɗakin shari'a, suka kafa kwamfutoci, alƙalai uku suka zauna ana nuna musu yadda ake shiga shafi, yadda imel ke tafiya, da dalilin da ya sa mai wallafa ba ya iya sanin shekarun mai karatu. A watan Yunin 1996 suka dakatar da sassan rashin ɗa'a na dokar, suka rubuta sakin layi 123 na bayanin mene ne intanet da yadda yake aiki. A kan wannan bayani Kotun Ƙoli ta dogara ranar 26 ga Yuni, 1997, lokacin da Mai Shari'a John Paul Stevens ya rubuta hukuncin da ya soke sassan rashin ɗa'a. Sashe na 230 ya tsira.

Haihuwar ƙungiyar

White ya fito daga kwamitin sasanta majalisun biyu da yaƙinin cewa rashin sani ne ya kayar da shi. Ya haɗa kai da Rick Boucher, ɗan Democrat daga yankin masu haƙar kwal na kudu maso yammacin Virginia, wanda a 1992 ya rubuta gyaran dokar da ya buɗe wa harkokin kasuwanci ƙofar shiga babban layin intanet na gwamnati. Daga Majalisar Dattawa suka samu Leahy da Larry Pressler na South Dakota, shugaban kwamitin kasuwanci kuma uban ita kanta dokar sadarwar. Biyu daga kowace jam'iyya, biyu daga kowace majalisa. Burinsu na farko mai sauƙi ne: ɗan majalisa ya taɓa kwamfuta da hannunsa, ya buɗe imel, ofishinsa ya mallaki shafi. Cikin 'yan shekaru membobin suka haura 100. Pressler ya faɗi zaɓe a 1996, Conrad Burns na Montana ya gaje shi. White ya faɗi a 1998, kuma wanda ya hau kujerarsa a shugabancin ƙungiyar shi ne Goodlatte, mutumin da ya kayar da gyaransa.

Sai dai gyare-gyaren 1995 sun taɓa irin waɗannan ƙungiyoyi ma. Kafin lokacin akwai ƙungiyoyin 'yan majalisa 28 da ke da ofis da ma'aikata da ake biya daga aljihun majalisa. Aka soke wannan tsari. Daga nan ƙungiyar 'yan Majalisar Wakilai ba ta da ofis, ba ta da ma'aikatan kanta, ba ta da kasafi, kuma ba a yarda ta karɓi kuɗi daga waje ba. To wa zai kama ɗakin taro, ya gayyato masana, ya buga takardu, ya sayi abincin rana?

Amsar ita ce kwamitin masu ba ƙungiyar shawara, wanda aka kafa a wajen majalisa. Jagoransa Jerry Berman ne, lauyan kare 'yancin jama'a da ya yi aiki da ƙungiyoyin fafutukar 'yanci na ACLU da EFF kafin ya kafa cibiyar CDT a 1994, kuma yana cikin waɗanda suka haɗa gamayyar da ta kai dokar Exon kotu. A 1997 aka kafa gidauniyar Internet Education Foundation ta riƙe ayyukan kwamitin, Tim Lordan ya daɗe yana tafiyar da ita. A cikin kwamitin akwai kamfanonin waya da na kwamfuta da na intanet, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da masu fafutukar 'yanci, da cibiyoyin bincike. Ƙa'idarsa ita ce ba ya goyon bayan wani ƙudiri kuma ba ya adawa da shi. Aikinsa shirya zama: a kama ɗaki a ginin ofisoshin majalisa da tsakar rana, a jera masu magana daga ɓangarori masu saɓani, hadiman 'yan majalisa su cika kujeru suna ci suna saurare. Akwai kuma baje kolin sababbin na'urori a farkon shekara. Tun tsakiyar shekarun 2000 gidauniyar take shirya babban taron shekara mai suna State of the Net, daga baya kuma ta karɓi ragamar gasar ƙirƙirar manhaja ta 'yan makarantar sakandare da Majalisar Wakilai ta ƙirƙiro. Babban kaso na kuɗin waɗannan ayyuka daga kamfanonin da dokokin za su shafa yake fitowa.

Ba daidai ba ne a raina abin da wannan tsari ya yi. Yana da sauri: batu ya taso a wannan mako, a zauna a kansa a mako na gaba, abin da OTA bai taɓa iyawa ba. Ya fahimci cewa hadimai ne ke rubuta doka, yawancinsu matasa masu ƙaramin albashi da ba sa daɗewa a aikin, don haka su ya fi nufa. Ya kuma samar da wurin da ɗan Democrat da ɗan Republican ke zama tare a zamanin da wuraren irin wannan ke ƙarewa. Shekarun farko sun ga jerin dokoki: hana ɗora haraji a kan shiga intanet a 1998, kare bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 a wannan shekarar, halatta sa hannu ta kwamfuta a 2000.

Nasarar da ta fi girma ita ce ta fasahar kulle saƙo. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana lissafa ƙaƙƙarfar manhajar ɓoye saƙo cikin kayan yaƙi, ta hana fitar da ita waje, kuma a 1993 ta fito da shirin Clipper wanda zai bar mabuɗin kowa a hannun hukuma. Goodlatte da Zoe Lofgren ta Kalifoniya suka ɗauki ƙudirin sassauta dokar, har ya samu sa hannun fiye da rabin Majalisar Wakilai. Gwamnatin Clinton ta ga inda iska ta dosa, ta sanar da sassauci a Satumban 1999, sababbin ƙa'idoji suka fito a Janairun 2000. Duk mai tura kuɗi ta waya ko saƙon WhatsApp a yau yana cin gajiyar wannan. Amma a lura da abu biyu. Na farko, a wannan batu bukatar kamfanoni da ta masu kare 'yanci sun zo ɗaya. Na biyu, hujjar da ta fi karya gwamnati ta fito ne daga rahoton 1996 na Majalisar Binciken Kimiyya ta Ƙasa, wanda ita majalisar dokoki ta ba da umarnin a yi, kuma yawancin marubutansa an ba su damar ganin bayanan sirrin da hukumomin tsaro ke fakewa da su. Bincike ne irin na OTA, aka yi shi a wani gida.

Inda tsarin ya gaza

Gwajin gaskiya ya zo a 2011. Kamfanonin fina-finai da na waƙoƙi suna kukan satar fasaha daga shafukan ƙetare, irin kukan da masu shirya fina-finan Kano suka san zafinsa. A watan Mayu aka gabatar da ƙudirin PIPA a Majalisar Dattawa, a Oktoba Lamar Smith na Texas ya gabatar da SOPA a ta Wakilai. Cikin matakan da suka tanada akwai tilasta wa kamfanonin layi su toshe sunan shafi a tsarin DNS, kundin da ke mayar da sunan da mutum ya rubuta zuwa lambar adireshin kwamfuta. Tun a watan Mayu wasu injiniyoyi biyar, cikinsu har da Steve Crocker da Paul Vixie, suka yi gargaɗin cewa kauce wa wannan toshewa abu ne mai sauƙi, kuma za ta yi karo da sabon tsarin tsaro na DNSSEC da ita gwamnatin Amurka ke tallatawa.

Wanda ya rubuta PIPA shi ne Patrick Leahy. Goodlatte kuma yana sahun farko na masu mara wa SOPA baya. Wato biyu daga cikin shugabannin Ƙungiyar Intanet huɗu, mutanen da suka shafe shekara goma sha wani abu suna jagorantar karatun, su ne a gaban ƙudirin da injiniyoyi ke cewa zai yi wa intanet lahani. Abokiyar shugabancinsu Anna Eshoo, wadda ke wakiltar yankin kamfanonin fasaha a Kalifoniya, tana ɗaya gefen. A zaman jin bahasin da kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya yi ranar 16 ga Nuwamba an kira shaidu shida, biyar masu goyon baya, ɗaya lauyar Google, babu injiniyan intanet ko ɗaya. Da aka zo tattauna gyare-gyare a tsakiyar Disamba, 'yan kwamitin da dama suka amsa da bakinsu cewa ba su fahimci ɓangaren fasahar ba, Jason Chaffetz na Utah yana ta roƙon a kirawo masana kafin a kaɗa ƙuri'a. A lokacin ne injiniyoyi 83, har da Vint Cerf, suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙar adawa. Abin da ya tsayar da ƙudirorin shi ne ranar 18 ga Janairu, 2012, da Wikipedia ta Turanci ta rufe kanta na awa 24, dubban shafuka suka bi sahu, miliyoyin mutane suka dami wakilansu da waya da imel. Bayan kwana biyu aka jingine duka biyun.

Ba za a ce Leahy bai san intanet ba. Ya san shi fiye da kusan kowa a Majalisar Dattawa. Abin da SOPA ya nuna shi ne zaman muhawara tsakanin masu ruwa da tsaki ba ya raba gardama a kan tambayar da ke da amsa ta fasaha. Mai sayen saniya a kara yana iya sauraron dillalin mai saniya da dillalin maƙwabcinsa, kowa ya kushe hajar ɗan'uwansa, ya ƙaru da abubuwa da yawa. Amma ko dabbar tana da ciwon huhu, sai malamin dabbobin da shi ya ɗauko ya duba. A ɗakin taron ƙungiyar, ɗan majalisa yana jin lauyan kamfanin fim ya ce toshewar ba ta da illa, lauyan kamfanin intanet ya ce tana da ita, sai ya fita da tunanin cewa magana ce ta ra'ayi, ya koma ga ɓangaren da ya saba da shi. Babu wanda aikinsa shi ne ya ce masa ga abin da aka tabbatar, ga abin da ake hasashe, kuma ba ya cin komai ko ta ina ƙuri'ar ta faɗi.

Akwai wata gazawa da ta fi wannan ɓoyuwa. Daidaito tsakanin ɓangarori yana aiki ne idan ɓangarorin suna faɗa da juna, kamar yadda kamfanonin waya da na intanet suka yi a rigimar hana fifita wani shafi a kan wani tun 2006. Idan kuwa masu ɗaukar nauyin taro duk sun amfana da a bar wani batu yadda yake, kamar tara bayanan masu amfani da shafuka don sayar da talla, to ko an gayyaci mai fafutuka ya yi magana ta minti goma, babu mai kuɗin da zai bi batun ofis-ofis bayan an tashi. Har yau Amurka ba ta da cikakkiyar dokar tarayya ta kare bayanan mutane, alhali ta Tarayyar Turai ta fara aiki tun Mayun 2018, ta Najeriya ma ta samu sa hannu a Yunin 2023. Dalilan wannan suna da yawa, ba za a ɗora wa ƙungiya ɗaya ba. Amma masanin siyasa Lee Drutman ya ƙiyasta a 2015 cewa kamfanoni na kashe kusan dala biliyan 2.6 a shekara wajen kamun ƙafa a majalisa, fiye da kusan biliyan 2 da ake kashewa wajen tafiyar da majalisun biyu. A irin wannan yanayi hadimin da ke neman bayani cikin gaggawa ya san wanda zai ɗauki wayarsa.

Jama'a sun fi son ɓangaren dariya. An yi wa Sanata Ted Stevens ba'a a 2006 da ya kwatanta intanet da jerin bututu. An yi wa Orrin Hatch a Afrilun 2018 da ya tambayi Mark Zuckerberg yadda Facebook ke samun kuɗi alhali kyauta ne, aka amsa masa da cewa talla suke sakawa. Wanda ya kalli zaman gaba ɗaya zai ga Hatch ya san amsar, so yake a faɗe ta a bainar jama'a. Wannan ba'a tana mayar da matsalar ta tsufan wasu mutane, alhali ta tsari ce. Sanata ba ya bukatar iya rubuta manhaja, kamar yadda ba ya bukatar iya tiyata kafin ya yi dokar asibiti.

Ƙoƙarin cike giɓin

Turawan da suka kwaikwayi OTA sun riƙe nasu. Faransa ta kafa ofishinta a 1983, Majalisar Turai a 1987, Birtaniya ta kafa POST a 1989, Jamus ta kafa TAB a 1990, kuma duk suna aiki. Na Birtaniya ya magance matsalar jinkiri da gajerun takardu masu shafi huɗu ko kusa da haka. A Amurka Rush Holt, masanin fiziya kuma ɗan majalisa daga New Jersey, ya yi ta kawo ƙudirin maido da ofishin ana kayar da shi. A 2019 Majalisar Wakilai ta sa dala miliyan 6 a daftarin kasafinta don haka, kuɗin bai kai ga doka ba. A maimakonsa ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati, GAO, ya buɗe sashen kimiyya da tantance fasaha a Janairun 2019, wanda ma'aikatansa suka haura 100. Akwai kuma TechCongress, shirin da Travis Moore ya kafa a 2015, yana tura masana kwamfuta su yi aiki na wani lokaci a ofisoshin 'yan majalisa. Shi ma da kuɗin gidauniyoyi masu zaman kansu ya tashi.

Da ƙirƙirarriyar basira ta taso, tsohuwar ɗabi'ar ta dawo. A ranar 13 ga Satumba, 2023, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawa Chuck Schumer ya tara Elon Musk da Zuckerberg da Bill Gates da Sam Altman da Sundar Pichai, tare da wasu shugabannin ƙwadago da na ƙungiyoyin kare haƙƙi, su karantar da sanatoci a bayan ƙofa. Elizabeth Warren ta Democrat da Josh Hawley na Republican, waɗanda da wuya su haɗu a kan komai, duk sun soki zaman. Bayan zama 9 aka fitar da taswira a Mayun 2024, kuma abin da ya fi fitowa fili a cikinta shi ne shawarar gwamnati ta riƙa kashe dala biliyan 32 a shekara a kan fasahar.

Majalisar Tarayyar Najeriya tana gaban irin wannan zaɓi. A Fabrairun 2024 gyaran dokar laifukan intanet ya zama doka, da harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan hada-hadar kuɗi ta lantarki a cikinsa. Da Babban Banki ya umarci bankuna su fara cira a watan Mayu, jama'a suka yi ca, Majalisar Wakilai ta nemi a janye umarnin, gwamnati ta dakatar da shi. Watanni uku ke nan da dokar ta bar hannun majalisar. Bitar da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji na ƙetare ke shirya wa kwamitoci a otal-otal tana da amfaninta, a ci gaba da zuwa. Amma majalisar tana da cibiyarta ta nazarin dokoki da dimokuraɗiyya, NILDS, a Abuja. Ya kamata shugabanninta su buɗe sashen tantance fasaha a can, su ɗauki injiniyoyi da masana lissafi aiki na dindindin, su sa 'yan jam'iyya mai mulki da na adawa daidai a hukumar da za ta sa masa ido, su biya shi daga kasafin majalisa, kuma duk rahoton da ya rubuta a wallafa shi kowa ya gani kafin a kaɗa ƙuri'a.